Zumar Bappa a Ƙasar Masu Inabi

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta bakin kasuwar Mubi, rabin mutane sun ɗauka Burundi na je, har da mai tambayata ko akwai masallaci a can. Sauran kuma abu ɗaya suke son ji, sai dai kowa sai ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya kai gare shi: Malam Usman, ka ɗanɗana kuwa? To, bari in rubuta sau ɗaya in huta. Burgundi na je, wani yanki a ƙasar Faransa inda babbar sana'a ita ce noman inabi da yin giya da shi. Ban ɗanɗana ba. Abin da ya hana ni sakewa a tafiyar nan daga gida na tafi da shi, a cikin jakata.

Tun da na yi ritaya daga aikin malamin gona nake sakataren ƙungiyar masu kiwon zuma ta Gude da Mugulbu, yankuna biyu kusa da Mubi. Matsalarmu kowa ya san ta. Duk wanda ya dafa sukari ya ɗura a gora sai ya zauna a tasha yana kiran kayansa zumar dutsen Gude, mai ta gaskiya kuma ya rasa mai saye. Wata hukuma ta ƙasar waje ta ce za ta taimaka mu yi wa sunan rajista, ta yadda ba mai sa shi a kwalba sai wanda amyoyinsa ke cikin yankin. Sharaɗinsu shi ne mutum ɗaya ya je ya yi mako biyu ya ga yadda masu inabi ke tsare sunayen garuruwansu, kuma ya tafi da kwalba uku na zumar yankin. In zumar ta ci, a ci gaba da mu. In ba ta ci ba, akwai wasu ƙungiyoyin a layi.

Shugabanmu, Alhaji Sale, shi ya kawo mini kwalaben ana jibi zan tashi. Ta farko ya rubuta Gude, ta biyu Mugulbu, ta uku kuma "Gude, bayan dutse". Ina buɗe ta ukun na san ta. Zumar Bappa Hammadu ce, ƙanin mahaifina. Ba mai irinta: fara, ba warin ƙuna, tana da ɗan ɗaci a ƙarshe. Bappa ɗan ƙungiya ne, shi ya koya wa dattawanmu ɗiban zuma da hayaƙin kashin shanu maimakon babbaka ƙudan da wutar kara. Amma a Belel yake zaune, Belel kuwa ƙasar Maiha ce, ba yankinmu ba. Amyoyinsa ma ba a Belel suke ba, suna ƙetaren mayo, wato kogi, cikin ƙasar Kamaru, a kan itatuwan da kakanmu ya fara rataya su.

Na faɗa wa Alhaji haka. Ya gyara hula, ya ce tamu ta bana duk da warin hayaƙi, kuma ba zai tura ni yaƙi da sanda ba.

"Malam Usman, bayan dutse ai faɗi gare shi," in ji shi. "Gida arba'in ke jiran abin nan. Kai dai ka tafi."

Ya kamata in mayar masa da ita a wurin. Ban mayar ba, domin ni ma ina son mu ci. Na naɗe ta a tsohon zanen maiɗakina, na tura ƙasan jaka.

Daga Mubi zuwa Yola mu huɗu aka cusa a baya, jakar tana kan cinyata don na ƙi yarda a sa ta a but tare da buhun wake. Kusa da Song taya ta fashe, safeyar tayar ma ba iska, muka yi awa guda a rana ina duba agogo ina lissafin jirgi. Kafin nan, a wani shinge bayan Gombi, wani jami'i ya sa na kwance zanen, ya ɗaga kwalaben ɗaya bayan ɗaya yana tambayar daga ina. Na ce Gude, Mugulbu, Gude. Ya mayar mini, har da fatan sauka lafiya. Yadda maganar ta fita daga bakina sumul, ba ko tuntuɓe, shi ya fara ba ni tsoro.

Na samu jirgin Abuja da ƙyar, washegari na hau na Faris. A filin jirginsu wani kare ya zo ya zauna kusa da jakata ya ƙi tashi, aka ja ni gefe. Wata jami'a ta sa safar hannu ta zaro kilishin da maiɗakina ta ɓoye mini cikin hula, ta jefa a kwandon shara ina kallo, wai nama ba ya shiga. Zumar kuma ta ɗora a sikeli, ta ce Allah ya so ni ba ta wuce kilo biyu ba. Faransancina na kasuwar Garwa ne, ya isa a yi cinikin saniya a kuma rama zagi, amma a gaban teburin nan sai ya gudu ya bar ni. Ta tambayi garinmu, na ce Mubi. Ta buga a na'ura, ta karanta, ta ɗago ta dube ni, ta sake karantawa. Na san abin da ke fitowa in an buga sunan garinmu, duk ɗan Mubi da ya ga shekarun baya ya sani. Ta kira wani, suka juya takardar gayyatar gaba da baya, suka buga waya. Sai da na yi kusan awa a kan benci kafin a miƙo mini fasfo.

Jirgin ƙasa ya kai mu wani ƙaramin gari, mota ta ƙarasa da mu ƙauyen da za mu zauna. Mu goma sha biyu ne daga ƙasashe dabam-dabam, kowa da abin da ya zo nema wa suna: mai barkono, mai shinkafa, mai man kaɗanya. Aka haɗa ni ɗaki da Malam Isufu, Bahaushen Nijar da ya zo a kan albasar garinsu. Allah ne ya dube ni, don shi ya zama bakina da kunnena. Dogon mutum ne mai tsokana, kwana biyu kawai ya raɗa mini Sarkin Zuma.

Masauki ba laifi, sai dai bayan gida ba buta, muka yanke gorar ruwa muka yi tamu. Abinci ne wahala. Mutanen nan ko naman sa za su dafa sai sun tsiyaya masa giya, don haka kowace tukunya sai Isufu ya bi mai girki da tambaya har ta fara ɓuya in ta hango mu. Akwai wani cuku da suke ji da shi, warinsa kamar takalmin da aka sha damina da shi, suna ci suna lumshe ido. Na yi niyyar yi musu dariya, sai na tuna yadda ɗakin girkinmu yake ranar da ake daddawa. Mako biyu na yi a kan burodi mai tauri da ƙwai da yajin Isufu.

Malamarmu, Madam Kilar, siririyar mata ce da ba ta dariya a banza. Ranar farko ta shimfiɗa taswira. Na yi aikin gona shekara talatin ban taɓa ganin irinta ba. Kowace gona da iyakarta da sunanta, har wadda ba ta kai filin idi ba. Ta ce sunan da ke jikin kwalba na ƙauye ne gaba ɗaya, ba na mutum ɗaya ba, kuma duk mai son sa shi sai ya bi littafin ƙa'idar da manoman da kansu suka rubuta, hukuma ta sa hannu. Littafin ya faɗi irin inabin da za ka shuka, da yadda za ka datse reshe, da iyakar abin da gonarka za ta fitar. In ta yi albarka ta wuce iyaka, rarar ba ta ɗaukar sunan. Nan na ɗaga hannu na ce a wurinmu in gona ta yi albarka godiya ake yi. Ta ce a nan ma ana yi, amma a wata kwalbar dabam.

Bayan haka akwai masu bincike da ke faɗowa ba sallama, su ƙirga itatuwan inabi, su leƙa gangunan katako a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, su gwada abin da ka ce ka girbe da abin da suka tarar. Duk wannan, in ji ta, saboda wata kalma tasu ce da Isufu ya fassara mini da ɗanɗanon ƙasa: wai ƙasa da iska da ruwa da hannun mutanen wuri duk suna shiga cikin abin da aka noma, kuma mai saye yana da haƙƙin sanin cewa ba a yi masa ƙarya ba. Tana maganar ina tuna ɗacin nan na ƙarshen zumar Bappa. Kwalabena kuwa tun ranar an karɓe su an sa a kabad ɗin ofishinta.

Lokacin girbi ne, aka kai mu gonar wani tsoho, Misye Rene, mai hannuwa kamar na maƙeri. Ya tsayar da mu a kan wata 'yar hanya da amalanke ɗaya zai cika ta. Ya ce daga nan zuwa sama suna mai daraja ne, daga nan zuwa ƙasa kuma suna ne na gama-gari, kuma kuɗinsu ko kusa ba ɗaya ba. Na ce ni dai ƙasa ɗaya nake gani. Sai ya duƙa ya ɗebo nan, ya taka uku ya ɗebo can, ya zuba mini a tafi biyu. Ɗaya tsakuwa ce fara, ɗaya laka mai nauyi. Na ji kunya, ni da ake kira malamin gona.

Wani daga cikinmu ya tambaya ko ana maguɗi. Tsohon ya nuna wani gida mai rufaffun tagogi a gindin tudu. Ya ce wata shekara ƙanƙara ta kashe rabin inabin mai gidan, sai ya ɗebo na ɗan'uwansa daga ƙasan hanya ya cika gangunansa. Inabi ne mai kyau, in ji shi, wataƙila ma ya fi nasa. Amma kowa ya ga abin da ƙanƙara ta yi, kowa kuma ya ga yawan gangunan. Aka ƙwace masa sunan, kuma shekaru masu saye suna yi wa duk ƙauyen kallon maƙaryata. Isufu yana fassarawa, sai ya tsaya ya sake tambayar tsohon wani abu, sannan ya juyo gare ni.

"Ya ce su ne suka kai ƙarar, mutanen ƙauye. Har da shi. Ya ce abokinai ne tun suna yara, kuma har yau ba su gaisawa."

Na kawar da kai daga kallon gidan nan.

Kwana biyu bayan nan aka shigar da mu ɗakin ɗanɗano, wurin da kuke ta tambaya. Fari ne fat kamar asibiti. An lulluɓe kwalabe, ba suna sai lamba. Alƙalai su shaƙa, su kurɓa, su wasa baki, su tofar a bokiti, su rubuta. Giyar da ba ta yi kama da ta ƙauyenta ba, ko ta bi duk ƙa'ida, sai a tsayar da ita. Maƙwabtanmu na kan dutse masu burkutu su ma da kurɓi ɗaya suke sanin tukunyar wace ce, sai dai ban taɓa jin wanda ya tofar ba. Ni da Isufu muka tsaya bakin taga, aka ba mu ruwan inabi zalla, shi ma sai da na sa ya karanta mini jikin kwalin sau uku. Da za mu fita Madam Kilar ta ce ranar Alhamis haka za a yi wa kayanmu, kuma tuni an ɗebi zumata an aika ɗakin gwaji, inda ake ganin ƙurar furen da ƙudan ya sauka a kai. Bayan ɗanɗano kowa zai sa hannu cewa abin da ya kawo daga inda ya rubuta ya fito.

Ranar ban iya cin ko ƙwan ba. Da la'asar, bayan mun idar da salla, Isufu ya naɗe darduma ya ce, "Sarkin Zuma, mi ya same ka?" Na faɗa masa duka. Na ɗauka zai yi mini wa'azi, sai ya murza gemu kawai. Ya ce a ganinsa ɗakin gwaji bai san itatuwan Gude ba balle na Kamaru, da wuya su kama ni a nan. Amma in sun zo da abin awonsu suka ce a kai su bayan dutse, amyar wa zan nuna musu?

Na kira Alhaji Sale. Ya ce kafin su zo Allah zai kawo dabara, in ta kama ma a ɗauko amyoyin Bappa biyu a rataya a Gude ranar. Na ce ba a tambayi Bappa ba. Ya ce Bappa ba ya hana abu. Ya ƙara da cewa in na ɓata wannan dama, ni zan tsaya gaban mutane in yi bayani, sannan ya kashe wayar.

Ranar Alhamis alƙalai biyar suka zauna da ƙananan cokula da ruwa. An juye zumar a kofuna masu lamba. Ina tsaye a baya ina addu'ar da ban taɓa zaton zan yi ba, wato Allah ya sa zumar Bappa ta faɗi. Na farko ya lasa ta uku, ya tsaya, ya sake lasa. Wata tsohuwa a cikinsu ta riƙe cokalin a baki ta rufe ido. Su biyar ɗin duk ita suka zaɓa.

Madam Kilar ta kira ni ofis tare da Isufu. Ranar na fara ganin haƙoranta. Ta ce ta ɗaya da ta biyu sun wuce, duk da akwai hayaƙi a cikinsu, amma ta uku dabam ce, kuma gwaji ya nuna wani fure a cikinta da babu a sauran. Ta ce wannan bayan dutsen shi zai zama cibiyar taswirarmu, da rani za su zo in kai su can da ƙafa. Ta turo mini takarda da biro.

Na ɗauki biron. Na ga gidajen nan arba'in, na ga fuskar Alhaji, na ga gidan nan mai rufaffun tagogi. Sai na ajiye biron. Na ce da Isufu ya gaya mata ta uku ba ta Gude ba ce, daga Kamaru take. Ya dube ni ya ce in ina so ya ba ni minti ɗaya in sake tunani. Na ce ya faɗa kawai.

Ta saurara har ƙarshe. Ta janye takardar, ta rufe fayil, ta tambaye ni ko na san haka tun kafin in taso. Na ce na sani. Ta ce me ya sa na kawo. Na ce don ta fi kyau, kuma na ji tsoro. Ta ce ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba, in jira zuwa gobe. Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta lokacin da na fito daga ofishin nan ba, da furfurata.

Washegari aka faɗa mini. Ba a kore mu ba, amma an ɗage mu shekara guda, kuma nasu mutumin ne zai zo ya ɗebi sabuwar zuma da hannunsa. Ta ce hanyar da aka bi aka ɗebi ta ukun, ita ya kamata mu rubuta a littafin ƙa'idarmu, kowa ya bi. Har na fara jin sanyi, sai ta ƙara sharaɗi na ƙarshe: rajistar ƙungiya ba za ta ɗauki sunan kowa ba sai wanda amyoyinsa ke cikin layin taswira, kuma sunan da za mu yi wa rajista a Najeriya ba zai ƙetara ya rufe itacen da ke wata ƙasa ba. Na ce mai zumar nan, Bappa, shi ya koya mana sana'ar. Ta ce ta gane, ta kuma ba ni haƙuri, amma layin ba zai matsa ba.

Da na iso Mubi Alhaji Sale bai zo yi mini sannu da zuwa ba. A taron farko an faɗa mini maganganu, wasu na cancanta, wasu ban cancanta ba. Akwai waɗanda har yau in mun haɗu a masallaci gaisuwar a taƙaice take. Alhaji ya ce tunda na zaɓi gaskiya, to a taro mai zuwa zai soke sunan Bappa a gaban kowa, a ga abin da gaskiyata ta haifa. Littafin rajista a hannuna yake. Washegari da safe na sa shi a jaka na hau motar Belel.

Na tarar da Bappa a gindin tsamiyar ƙofar gidansa yana yaɓe sabuwar amya. Muka gaisa da Fillanci, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi sanyin ƙasar Turawa. Sannan na faɗa masa komai, har da cewa na san zumarsa ce kuma na tafi da ita ban tambaye shi ba. Bai daina yaɓen ba. Na ce akwai mafita, mutum uku a Gude sun ce za su ba shi itatuwa, in ya kai amyoyinsa can sunansa zai zauna. Ya girgiza kai. Ya ce in ya kai su Gude zumar Gude za su yi, kuma babansa bai rataya su can don wani ya sauke ba.

Ya wanke hannu a ƙwarya, ya juya zuwa Hausa, kamar yadda yake yi in maganar ta ƙungiya ce.

"Turawa ɗin ya sha zuma nawa?"

"Sun sha, Bappa."

"Ya ce yaya?"

"Su biyar ne. Duk taku suka zaɓa."

Ya dubi wajen mayo. Sannan ya ce in buɗe littafin in nuna masa inda sunansa yake, don shi bai yi boko ba. Na nuna masa. Shi ne na farko a shafin farko. Ya ɗora yatsa a kai.

"Usumanu, kai ka goge. Kar Sale ya goge a gaban mutane."

Na ce ba zan iya ba. Ya ce na iya abin da ya fi wannan a ƙasar mutane. Na zaro biro, idona ya cika har ba na ganin rubutun sosai. Iska tana ta ɗaga shafin, sai ya sa hannu biyu ya danne mini gefen takardar har na gama jan layin.